Kyautar Godiya Ga Malamin Yara

A Amurka, iyaye kan ba malamin 'ya'yansu katin sayayya idan zangon karatu ya ƙare. A unguwar Kumbiya-Kumbiya kuwa, ba kowane mai shago ne zai karɓi irin wannan kati ba, don haka katin waya ya fi dacewa. Amma ku fara binciken layin da malam yake amfani da shi, don mai Airtel ba abin da katin MTN zai tsinana masa. Malamar Islamiyya kuwa, turmin atamfa daga Tsohuwar Kasuwa ya fi faranta mata rai, musamman ranar walimar sauka.

Ku bari sai an raba sakamakon jarrabawa, kada kyautar ta yi kama da toshiyar baki. Kuma uwa ko uba ya miƙa da hannunsa, kada a aiki yaro.