Idan An Gayyato Baƙon Da Ba Ku So: Abin Yi Da Abin Bari

Wannan jan kunne ne ga ƙannenmu masu karatu a jami'o'in Amurka da Ingila da Jamus, da waɗanda ke harhaɗa kaya za su tafi. Ranar tana nan tafe da za ku wayi gari ku ga sanarwa manne a allo: ƙungiya kaza ta gayyato jakadan Isra'ila, ko wani tsohon hafsan sojanta, zai yi jawabi a zaure kaza da ƙarfe bakwai na yamma. Ranku zai ɓaci, kuma ba laifi. Duk wanda ya ga abin da aka yi wa Zirin Gaza bai ji komai ba, to a duba lafiyar zuciyarsa. Maganata a kan abin da za ku yi da ɓacin ran ne, domin waɗanda suka riga ku sun gwada hanyoyi iri-iri, kuma an ga inda kowace ta ɓulle.

Kada ku hana baƙon magana da ihu. Ranar 8 ga Fabrairu 2010, Michael Oren, jakadan Isra'ila a Amurka, ya hau mumbari a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, shekara guda bayan yaƙin da ya ci rayukan Falasɗinawa wajen 1,400 a Gaza. Bai yi nisa ba wani ɗalibi ya miƙe ya ɗaga murya ya jefa masa magana, 'yan sanda suka fita da shi, abokansa suna tafi. Oren ya ci gaba, wani ya miƙe. Aka fita da shi, wani ya sake miƙewa. Haka aka yi ta yi har jakadan ya bar mumbarin na ɗan lokaci, ya dawo ya ƙarasa jawabinsa. Ɗalibai goma sha ɗaya aka kama. Jami'a ta dakatar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi na zango ɗaya, mai gabatar da ƙara na gundumar Orange ya maka su a kotu, a Satumbar 2011 aka sami goma daga cikinsu da laifi: aikin al'umma na awa 56 da shekara uku ana sa musu ido. A ganina kai su kotu wuce gona da iri ne, kuma shugaban tsangayar shari'a ta jami'ar a lokacin, Erwin Chemerinsky, ya faɗi haka, duk da ya ce toshe bakin mai magana ba ya cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma ku lura da abin da ya salwanta a daren. Jawabin bai salwanta ba, an ji shi har ƙarshe. Lokacin tambaya da amsa ne ba a yi ba, wato ɗan gurbin da ɗalibai ke da shi na tsare jakada a gaban jama'a. Nasu rabon suka zubar.

Ku shiga zauren da wuri, ku kama kujerun da ke kusa da makirufo, ku riƙe tambaya ɗaya tak a rubuce. Tambaya, ba huɗuba ba. Wanda ya tashi ya kwashe minti biyar yana zayyana tarihi tun daga 1948, ya yi wa baƙon alheri, don shugaban taro zai katse shi, jama'a kuma su ji sanyi. Ku sa rana da wuri da suna. Ku tambaye shi Hind Rajab, ƙaramar yarinyar da ta yi ta roƙo a waya a Gaza daga cikin motar da aka kashe 'yan'uwanta a ƙarshen Janairun 2024, daga baya aka tsinci gawarta da ta ma'aikatan agaji biyu da aka tura ɗauko ta. Ku tambaye shi matsayin da Kotun Duniya ta bayyana a Yulin 2024 cewa mamayar yankunan Falasɗinawa haramtacciya ce, ko sammacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta fitar a kan Firayim Minista Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant a Nuwamban shekarar. In ya zille, na bayanku ya maimaita tambayar, na bayansa ma haka, cikin natsuwa. Mutum ya kasa amsa tambaya ɗaya sau uku a gaban kyamara, wannan ya fi masa ciwo a kan ihun mutum ɗari.

Ku san wane ne baƙon kafin ku ɗaga kwali. A Janairun 2016 an tarwatsa taro a King's College da ke Landan, aka kunna ƙararrawar gobara, aka fasa taga, saboda Ami Ayalon zai yi magana. Gaskiya ne ya shugabanci hukumar leƙen asirin cikin gida ta Isra'ila, Shin Bet, kuma yana da tambayoyin da ya kamata ya amsa. Amma shi ne kuma mutumin da ya haɗa kai da malamin Falasɗinu Sari Nusseibeh suka nemi sa hannun jama'a kan kafa ƙasashe biyu, ya kuma daɗe yana sukar mamaya. Da an bar shi, da wata maganar da masu zanga-zangar ke son duniya ta ji ta fito daga bakinsa.

Kada ku fasa ko da kofin shayi. Kada ku taɓa kowa, kada ku tare ƙofa. A Fabrairun 2024 wajen mutum ɗari biyu suka yi dafifi a ƙofar wani zaure a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda wani lauya kuma sojan ko-ta-kwana na Isra'ila, Ran Bar-Yoshafat, zai yi jawabi. Aka fasa gilashi, aka kwashe mahalarta ta wata hanya. Kafin ranar, mutum nawa suka san sunansa? Bayan 'yan makonni ya dawo ya yi jawabinsa da rakiyar 'yan sanda, 'yan jarida suna biye. Jaridu kuwa labarin gilashi suka yi ta bugawa, ba na Gaza ba.

Kada ku bi baƙo zuwa motarsa. A Nuwamban 2021 jakadiyar Isra'ila a Birtaniya, Tzipi Hotovely, ta yi jawabi a jami'ar LSE da ke Landan, ta amsa tambayoyin ɗalibai a cikin zaure. Babu wanda ke tuna tambayoyin. Abin da duniya ta gani shi ne bidiyon 'yan daƙiƙu, masu tsaronta suna tura ta cikin mota da gaggawa ana ihu a baya, ministoci suna rige-rigen yin tir.

Yanzu ga wadda ta fi duka nauyi. Kada ku je wurin hukumar jami'a kuna roƙon a soke gayyata saboda wai zuwan baƙon barazana ce ga tsaronku. Kalmar nan ta tsaro wuƙa ce, kuma ba a hannunku ƙotarta take ba. Da ita Jami'ar Vermont ta hana marubucin Falasɗinu Mohammed El-Kurd zaure a Oktoban 2023. Da ita Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta hana Asna Tabassum, ɗalibar da jami'ar da kanta ta zaɓa don jawabin yaye ɗalibai na 2024, hawa mumbari, daga ƙarshe ma aka soke babban bikin ɗungurungum. Da ita aka janye wa Francesca Albanese, mai bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankunan Falasɗinawa, zaure a wata jami'ar Berlin a Fabrairun 2025, bayan wata a Munich ta riga ta soke nata taron. Ku zauna ku lissafa: tsakanin ku da waɗanda kuke jayayya da su, wa ke da attajirai masu ba jami'a kuɗi, wa ke da 'yan majalisa, wa zai buga wa shugaban jami'a waya a ɗauka nan take? Duk ranar da aka amince cewa ƙorafi ya isa a rufe zaure, zauren da kuka kama wa naku baƙon za a fi rufewa. Ramin mugunta, an ce, a gina shi gajere. Wannan kam kada ma a fara haƙa shi.

Ku fita, in ba za ku iya zama ba. Fita magana ce. A Mayun 2024 gomman ɗalibai a Jami'ar Duke suka miƙe da rigunansu na yaye, wasu riƙe da tutar Falasɗinu, suka fice daidai lokacin da aka gabatar da ɗan wasan barkwanci Jerry Seinfeld, mai goyon bayan Isra'ila. Mako guda bayan haka a Kwalejin Morehouse, wasu suka juya wa Shugaban Amurka na lokacin, Biden, baya yana magana, ɗalibin da ya yi jawabi a madadinsu kuma ya nemi a tsagaita wuta a Gaza, Biden yana zaune kusa da shi. Saƙo ya isa ko'ina, kuma babu mai bakin cewa an hana wani magana.

Ku shirya naku taron a daren, a zauren da ke kusa, ku gayyato likitan da ya yi aiki a asibitin Gaza ko malamin shari'ar ƙasa da ƙasa. Ku cike takardun neman izini a kan lokaci, ku ajiye kwafi. In aka hana ku aka bar su, kun sami hujjar da lauya zai iya riƙewa.

Kada ku zagi Yahudawa. Wannan na faɗa da babbar murya don na san yadda bakinmu ya saba a gida, inda ake haɗa Bayahude da gwamnatin Isra'ila da sojanta a kalma ɗaya ba a ko waiwaya. Can ba haka abin yake ba, kuma ko a nan ba daidai ba ne. Lokacin da Jami'ar Columbia ta dakatar da ƙungiyar ɗalibai masu goyon bayan Falasɗinu a Nuwamban 2023, tare ta dakatar da ita da ƙungiyar Jewish Voice for Peace, ta Yahudawa. A sansanin da ɗalibai suka kafa a filin jami'ar a Afrilun 2024, ɗalibai Yahudawa sun yi cin abincin idinsu a tsakiyar tantuna. Ɗalibin da ke sanye da 'yar hularsa a hanyar aji ba shi ya jefa bom ba, ba kuma jakadan kowa ba ne. In wani a cikinku ya saki irin wannan magana, ku ne za ku fara tsawata masa, a take, kafin a ɗauka a waya. Baki shi ke yanka wuya, kuma a nan wuyan tafiyar gaba ɗaya yake yankawa.

Kada ku rubuta a zauren WhatsApp ko imel abin da ba za ku so a karanta a gaban alƙali ba. Kada kuma ku yi ƙarya in an tambaye ku. A Irvine an musanta cewa ƙungiya ce ta tsara abin, sai ga saƙonnin imel ɗin tsarin sun fito fili, suka zama babbar hujja a kansu.

Ku karanta dokar wurin da kuke, ba ta wurin da kuka gani a TikTok ba. A Amurka, kariyar da tsarin mulki ya ba magana tana ɗaure jami'ar gwamnati irin su Berkeley, amma jami'a mai zaman kanta irin su Columbia da Duke littafin ƙa'idarta take bi. Kuma ko ta gwamnatin tana da ikon ƙayyade lokaci da wuri da amfani da lasifika. A Jamus wata kotu a Berlin ta ci wata matashiya tarar Yuro 600 a 2024 saboda taken nan na daga kogi zuwa teku. A Birtaniya, bayan gwamnati ta haramta ƙungiyar Palestine Action a Yulin 2025, an kama ɗaruruwan mutane, har da tsofaffi, don kawai sun riƙe kwalin goyon bayanta. A Ingila ɗin dai akwai dokar 2023 da ta ɗora wa jami'o'i nauyin kare baƙi masu jawabi. Ku riƙe ta, don naku baƙon ma ta shafa.

Ku kuma shugabannin jami'o'i, a taƙaice: kada ku auna da mudu biyu. Columbia ta buɗe wa shugaban Iran na lokacin Mahmoud Ahmadinejad zaure a 2007, shugaban jami'ar ya caccake shi ido da ido, ɗalibai suka yi tambaya, aka watse lafiya. Wanda ya iya wannan ba shi da uzurin cewa jawabin 'yar shekara ashirin da 'yan kai irin Asna Tabassum ya fi ƙarfin masu gadinsa. In akwai barazana, a ƙaro masu gadi. Kada kuma a miƙa wa kotu abin da kwamitin ladabtarwa zai iya gamawa.

Kada ku manta da launin fasfonku. Abokin da ke gefenku, ɗan ƙasa, in an kama shi zai kwana ɗaya ya koma ɗakinsa. Ku biza ce ke riƙe da ku, da tallafin karatun da wataƙila gona aka sayar aka cika shi. Momodou Taal, ɗan asalin Gambiya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Cornell, an soke masa biza, ya tattara ya bar Amurka a 2025. Mahmoud Khalil na Jami'ar Columbia yana da katin zama na dindindin lokacin da aka kama shi, duk da haka ya shafe sama da wata uku a tsare, matarsa ta haihu ba ya nan. Kuma ba zan yaudare ku cewa bin ƙa'ida garkuwa ce ba. Ranar 25 ga Maris 2025, cikin azumi, Rümeysa Öztürk, 'yar Turkiyya mai karatu a Jami'ar Tufts, ta fito za ta shan ruwa wurin ƙawaye, sai jami'ai cikin farin kaya, wasu da fuska a rufe, suka kewaye ta a gefen titi, suka karɓe wayarta, suka sa mata ankwa. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne maƙala ɗaya da ta sa hannu a jaridar ɗalibai shekara guda kafin nan. Sai 9 ga Mayu alƙali ya sa aka sake ta. Daga baya wani alƙalin tarayya a Boston ya yanke cewa baƙon da ke zaune bisa doka yana da 'yancin magana kamar ɗan ƙasa, amma kwana arba'in da biyar ɗin ta riga ta yi su.

Ban ce ku yi shiru ba. Cewa na yi ku raba aiki: sahun gaba, inda kamu yake, ku bar wa masu fasfon ƙasar, ku ku riƙe bincike, da rubuta tambayoyi, da shirya taro, da ɗaukar bayanin abin da ya faru. Wanda kuma ya zaɓi ya tsaya a gaba da saninsa, ya yi shawara da iyayensa tukuna, don da guminsu aka biya kuɗin jirgin.

Kafin ku fita ranar taron, ku gaya wa mutum ɗaya inda za ku da lokacin dawowarku, ku kuma rubuta lambar lauya da biro a damtsenku, don waya ita ake fara karɓewa.