Jam'iyya, ƙuri'a da zumunci: nasiha ga matasan Dandin Mahe

'Ya'yana da jikokina na Dandin Mahe, da na Kajiji da Lambara da Jaredi, har zuwa Bodinga da Sifawa, da zarar kakar zaɓe ta ƙarato, tambaya guda ke yawo a majalisa da kasuwa da ƙofar masallaci: kai ɗan wace jam'iyya ne? Ina jin yadda kuke amsa ta da zafin jini, wani har jijiyar wuyansa na tashi. A kan wannan tambaya nake son mu ɗan zauna, domin na ga jam'iyyu masu yawa sun shigo ƙasar nan da ganguna da tutoci, na kuma ga ranar da aka naɗe tutocin.

Kada wani ya ɗauka zan ce ku guji jam'iyya. Tsarin mulkin Najeriya bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai jam'iyya ta tsayar da shi, don haka duk sunan da za ku gani ranar zaɓe, a cikin jam'iyya aka fara tace shi, tun daga taron mazaɓa har zuwa zaɓen fitar da gwani. Idan mutanen kirki suka ƙi shiga, wasu ne za su zauna su zaɓa mana. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ƙaramar hukumarmu ke ɗauke da sunan garinsu, malamin makaranta ne da ya shiga NPC, aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai a 1954, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1979 a ƙarƙashin NPN. Ta ƙofar jam'iyya ya bi. Wanda ke da sha'awa a cikinku ya yanki kati, ya halarci taro, ya yi magana a inda ake yanke shawara.

Sai dai ku san tsawon ran abin da kuke riƙe da shi. Iyayenmu sun yi NPC mai alamar fartanya, ana gaisawa da Salama, wasu kuma suka bi NEPU ta Malam Aminu Kano suna kiran Sawaba. Gabar da aka yi a wancan zamani ba ƙarama ba ce: an ɗaure mutane, an raba aure, an ƙaurace wa juna a suna da biki. A 1966 soja suka rushe jam'iyyun duka. Mu kuma muka yi NPN mai gida da masara, ta faɗi a ranar ƙarshe ta 1983. Aka kawo NRC da SDP, su ma aka rushe su a 1993. APP da ta kai Alhaji Attahiru Bafarawa gidan gwamnati a 1999 ta koma ANPP, a 2013 ta narke cikin APC. Yau kusan dukkansu sun zama tarihi. Amma gidajen da suka yi gaba saboda su suna nan katanga ɗaya, gonakinsu iyaka ɗaya, kuma jikokinsu ne ke auren juna.

Ku dubi manyan da kuke bi ma. Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko mataimakin Bafarawa ne a ANPP. Ya koma PDP ya ci gwamna a 2007, kuma ɗan ƙasarmu Alhaji Mukhtar Shehu Shagari, wanda ya riga ya samu takarar PDP, shi ya janye ya zama mataimakinsa. A 2013 Wamakko ya tafi APC, mataimakin nasa ya tsaya a PDP, aka ƙarasa wa'adi gwamna na jam'iyya ɗaya, mataimaki na wata. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya fara zuwa majalisar wakilai a 2003 a ANPP, ya zama kakakin majalisa a PDP, ya ci gwamna a APC a 2015, ya koma PDP a 2018. Wannan karon ma mataimakinsa, Alhaji Ahmed Aliyu, bai bi shi ba, ya tsaya a APC, suka kara a zaɓen 2019, sannan Ahmed Aliyu ya ci kujerar a 2023.

Ban kawo wannan don in zargi kowa ba. Kowannensu na da dalilinsa, kuma ya faɗa wa jama'a a lokacin. Abin da nake son ku lura da shi shi ne, su masu abin suna sauya sheƙa idan lissafi ya sauya, kuma ko suna jam'iyya daban za ka gan su sahu ɗaya a wurin jana'iza, tabarma ɗaya a wurin ɗaurin aure. Cif Obafemi Awolowo ya kai Shehu Shagari har kotun ƙoli a kan zaɓen 1979, amma a 1982 Shagari ya ba shi lambar girmamawa mafi girma ta ƙasa. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP, wanda shi ma ya yi takara da Shagari, da siyasa ba da gaba ba aka san shi.

To, ku me ya kai ku? Na san gida guda da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suka daina cin tuwo a akushi ɗaya bayan wani zaɓen gwamna. Ɗaya ya manna hoton ɗan takararsa a ƙofar zaure, ɗayan ya yage shi da dare. Daga nan sai matansu suka raba tukunya, yara suka daina shiga ɗakin juna, tsohuwar da ta haife su tana zaune tsakar gida tana share hawaye da bakin zane. Ba a daɗe ba 'yan takarar nan biyu da suke faɗa a kansu suka haɗu a jam'iyya ɗaya, aka ji a rediyo. Su kuwa 'yan'uwan sai da rashin lafiyar uwarsu ya yi tsanani kafin suka sake gaisawa. Wannan abu yana ci mini rai har yau, domin ba wanda ya amfana da shi, kuma kwanakin da tsohuwar nan ta yi cikin baƙin ciki ba su dawowa.

Yanzu bari mu zo kan yadda muke yanke shawarar wanda za mu dangwala wa. Da yawanmu gado muka yi: gidanmu 'yan kaza ne tun kaka da kakanni. Wasu uban gida suke bi, inda ya juya nan suke juyawa. Biyayya ga iyaye da riƙon alkawari ga wanda ya taimake ka hali ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ranar da ka shiga rumfa kai kaɗai, da takarda a hannu da tawada a yatsa, shaida kake bayarwa cewa wannan mutum ya cancanci a damƙa masa dukiyar jama'a da makarantarsu da asibitinsu. Ba a bayar da shaida da idon wani. Ka saurari mahaifinka da malaminka da uban gidanka cikin ladabi, ka tambaye su dalilinsu, sannan ka auna da abin da kai ka gani.

Wani lokaci kuma guguwa ce ke kwasar mu, a ce a yi sak daga sama har ƙasa, kamar yadda aka yi a 2015. A irin wannan iska mutumin kirki kan faɗi don kawai yana wata jam'iyya, wanda ba a san shi da komai ba kuma ya haye a inuwar wani. Abin da ke faranta mini rai shi ne Sakkwatawa sun nuna sun iya rarrabewa. A 2019 jihar nan ta ba Muhammadu Buhari na APC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, makonni kaɗan bayan haka PDP ta ci gwamna. A 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya yi rinjaye a nan, APC kuma ta ci gwamna. Wasu na kiran wannan wake da shinkafa cikin raini. Ni a ganina alama ce ta cewa mutane na kallon kowace kujera da idonta.

Idan wani ya zo neman auren ƙanwarka, ba ka tsayawa kan kyan rigarsa ko daɗin bakinsa. Kana aikawa unguwarsu a bincika: yaya yake da iyayensa, yana biyan bashi, me ya raba shi da matarsa ta farko? Irin wannan bincike ɗan takara ya cancanta, kuma a ƙasa irin tamu ba shi da wuya, domin an san asalin kowa. Idan ya taɓa riƙe wani abu, ko da kuɗin ƙungiyar manoma ne ko ginin masallaci, a tambayi waɗanda suka yi aiki da shi. Idan ya taɓa cin zaɓe, sau nawa aka gan shi a gari bayan rantsuwa? Lambar wayarsa ta ci gaba da shiga? Rijiyar burtsatsen da ya yi alkawari tana ba da ruwa, ko allon suna kawai aka kafa? Gani ya kori ji.

Ku kuma san aikin kowace kujera, don kada a yi muku alkawarin abin da ba ya hannun mai yin sa. Makarantar firamare da ƙaramin asibiti da kasuwa da hanyar ƙauye, kansila da ciyaman ne mafi kusa da su, sai gwamnatin jiha. Soja da 'yan sanda da farashin mai, wannan na gwamnatin tarayya ne, kuma muryarmu a can ita ce ɗan majalisar Yabo da Shagari, ko na Bodinga da Dange Shuni da Tureta, da sanatan Sakkwato ta Kudu. A watan Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan ya isa ya sa mu daina ɗaukar zaɓen ciyaman da kansila a matsayin ƙaramin abu, alhali su ne za ka iya taka ƙafa ka same su a gida.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce mai nauyi. Duk mun san daren jajibirin zaɓe: babura na shiga lungu da fitila a kashe, ana sauke katan na taliya da sabulu da turamen atamfa, da safe kuma wani na tsaye nesa kaɗan da layi da jaka a hammata. Ba zan zagi matar da ta karɓi taliya alhali yaranta sun kwana da yunwa ba. Na san yadda taki ya yi tsada, na san yadda hatsi ke ƙarewa a rumbu tun kafin damina. Amma ina roƙon ku ku yi lissafi da hankali. Taliyar nan kwana biyu take yi a gida, kujerar kuma shekara huɗu ce. Wanda ya kashe dukiya ya sayi ƙuri'a, da zarar ya hau, abin da ya kashe zai fara nema, kuma daga kuɗin maganin asibitinku da rufin ajin yaranku zai fito. Idan ka je masa da kuka daga baya, a zuciyarsa ya riga ya sallame ka tun ranar zaɓe. Dokar zaɓe ma ta ɗauki mai saye da mai sayarwa duka a matsayin masu laifi.

Kada kuma wani ya ce ƙuri'arsa guda ba ta sauya komai, gara ya karɓi abin da ya samu. A zaɓen gwamna na 2019, bayan an ce bai kammala ba an sake jefawa a wasu rumfuna, ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu, a zaɓen da kowannensu ya haura dubu ɗari biyar. Rumfuna da yawa na da masu rajista fiye da wannan adadi. Mutanen unguwa guda a Dandin Mahe sun isa su juya jiha baki ɗaya a irin wannan rana.

Ina da magana ta musamman ga 'ya'yana mata. A jamhuriya ta farko matan Arewa ba su da ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri tana neman wannan haƙƙi, kuma sai a 1979 matanmu suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Yau layinku ne ke cika tun da sassafe, da goyo a baya, cikin rana. Ku ne kuka fi sanin ko akwai ungozoma a asibiti da dare, ko akwai malami a aji, ko famfo na kawo ruwa. Ku yi zaɓe da wannan sani. Ku kuma magidanta, ku yi shawara da iyalinku cikin mutunci, amma kada a karɓe katin mace a ajiye, kada a rantsar da ita. Amanar a wuyanta take, ita za a tambaya.

Ku samari masu waya a hannu, abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp lokacin zaɓe ba duka ne gaskiya ba. Kafin ka tura muryar da ke zagin wani ko hoton da ke ɓata masa suna, ka tuna ƙazafi ƙazafi ne ko a kan ɗan siyasa aka yi shi. Wanda kuma ya ba ka ƙwaya da gora ya ce ka bi ayarinsa ka tarwatsa taron abokan hamayya, ka tambaye shi ina 'ya'yansa suke a wannan rana. Idan aka kama ka, mahaifiyarka ce za ta yi ta zarya tsakanin gida da ofishin 'yan sanda.

Wanda ya cika shekara 18 ya je ya yi rajista idan hukumar zaɓe ta buɗe, ya kuma koma ya karɓi katinsa da hannunsa. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku jefa, ku koma gefe ku jira cikin natsuwa har a ƙirga a gabanku, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamako a bango. Wanda kuma ke da ɗan'uwa ko maƙwabcin da suka daina gaisawa tun zaɓen da ya wuce, don Allah ya taka ya same shi a gida kafin Juma'a mai zuwa, kada ya jira sai an aiko masa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu.