DARASI: DARAJAR MUMINI BA A CIKIN WAYA TAKE BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, garinmu Akokan saboda ma'adinin uraniyum aka gina shi. An kafa kamfanin COMINAK a 1974, ya fara fitar da ma'adini daga ramin Akuta a 1978. Fiye da shekara 40, in an tambayi magidanci ko shi wane ne, da aikinsa yake amsawa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. A ranar ne da yawa suka gane suna irin wannan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kafin mikin ya warke sai ga wata jarrabawa a tafin hannu. Saurayi na zaune babu aiki, ya buɗe Facebook ko TikTok, ya ga sa'ansa da ya tafi haƙar zinariya Jado ko Cibarakaten, inda jama'a suka fara kwarara tun 2014, ga shi jingine da sabuwar mota. Sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa shi ba kowa ba ne. Bai ga wanda rijiya ta rufta da shi ba, bai ga wanda ya komo da bashi ba, domin babu mai ɗaukar hoton asararsa. Yarinya ma haka: ta ga fuskokin da na'ura ta wanke, ta rena halittar da Allah Ya yi mata, har ta nemi man shafe-shafe.

Wannan cuta tsohuwa ce. A cikin Suratul Ƙasas, Allah Ya ba mu labarin ranar da Ƙaruna ya fita cikin adonsa, masu son duniya suka yi burin samun irin nasa, ma'abota ilimi suka gargaɗe su. Da ƙasa ta haɗiye shi, masu burin nan su ne suka koma suna ganin falalar Allah da bai ba su ba. Suratul Hujurat, aya ta 13, ta yanke magana: taƙawa ce ma'aunin ɗaukaka wurin Allah.

Magani, da yardar Allah, uku ne:

1. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da duban na ƙasa da mu a sha'anin duniya, don kada mu rena ni'imar Allah. Waya tana ɗaga ido sama. Kai ka sauke shi, ka gaida marar lafiya a asibiti.

2. Kafin ka saka hoto, tambayi zuciyarka niyyarta. In don a gani a yaba ne, riya tana kusa, kuma kana iya karya zuciyar maƙwabcinka.

3. Iyaye, ku yabi ɗan da ke ɗinki ko gyaran babur da halal, kada ku gwada shi da ɗan wane.

Kamfani ya rufe, waya za ta lalace, amma bawan Allah sunansa ba ya ƙarewa. Allah Ya azurta mu da wadatar zuci, Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.