Kafin ka nemi jari, nemi mai saye

Aikina shi ne duba lissafin ƙananan 'yan kasuwa a Kano, in taya su gane ko riba suke ci ko uwar kuɗi suke cinyewa. Matasan da ke zuwa wurina kusan bakinsu ɗaya: dabara tana nan, jari ne babu. Abin da nake fara tambaya shi ne, wane baƙo ne ya taɓa zaro kuɗinsa ya sayi abin nan, ya kuma dawo ya ƙara? Yabon 'yan gida ba ciniki ba ne. A ce garin kunu kike sayarwa: gwaggo za ta ce garin kununki ya fi na kowa saboda tana ƙaunarki, amma mai shago ba zai sake kiranki ba sai kayan farko sun ƙare a kan kantarsa.

Don haka a fara da kaɗan. Ki haɗa abin da ƙarfinki zai ɗauka, ki kai shaguna biyu ko uku, ki saurari ƙorafi. Sannan ki zauna da biro da littafi. Nan ne mafi yawa ke faɗuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ana lissafa gyaɗa da geron da aka sayo a Dawanau, a manta da kuɗin niƙa, da leda, da kuɗin adaidaita, da ledojin da suka fashe a hanya, da ladan wahalar mai sana'ar kanta. Ga kuma masu shago da ke karɓa sai an sayar a biya, kuɗinki yana kwance a hannun wani alhali kasuwa ta tashi. Idan aka haɗa da ɗibar kuɗin cefane daga asusun sana'a, wata uku ya isa jari ya narke ba a san inda ya bi ba.

Rajista ba ta da wuya kamar da. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC, abinci na cikin leda ko kwalba kuwa yana buƙatar lambar NAFDAC. Ta fannin jari kuwa, gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba da dala 5,000 ga waɗanda ta zaɓa, bankuna irin su Jaiz kuma suna da tsarin da babu ruwa. Bankunan dai sukan nemi shaidar cewa sana'ar tana motsi.

In kuwa yaya ko kawu ne zai sa kuɗi, a fayyace tun ranar farko: rance ne ko haɗin gwiwa, kuma wa zai ɗauki asara? Na ga zumuncin da ya lalace a kan wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take. Don Allah, ku rubuta, ku sa shaidu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.