DARASIN WANNAN WATA: TAFIYA A BAKIN KWAZAZZABON MATSIRGA

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Darasinmu na wannan wata zai kai mu kudancin Jihar Kaduna, domin mu ga irin aikin da ruwa ke yi wa dutse, mu kuma ɗauki hannunka-mai-sanda game da gonakinmu.

Mene ne kwazazzabo?

Kwazazzabo kwari ne mai zurfi, mai tsayayyun gefuna, wanda ruwa ya haƙa. Ruwa yakan kwaso yashi da tsakuwa, ya riƙa goga dutse da su, yau kaɗan gobe kaɗan, har shekaru dubbai. Wanda ya fi suna a duniya shi ne Giran Kanyon na ƙasar Amurka, wanda Kogin Kolorado ya haƙa. Tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa kuma ya kai mita 1,800 a wasu wurare. A shekarar 1919 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, domin a kiyaye shi.

Namu na gida

Mu ma Allah bai bar mu haka ba. Wanda ya tashi daga Kakuri ko Sabon Tasha, ya bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, bayan tafiyar kimanin kilomita 200 zai isa Kafanchan. Kusa da nan, wajen Madakiya, akwai ruwan Matsirga. Ruwan yana fitowa ne daga duwatsun Kagoro, ya zo ya zubo daga saman dutse mai tsayin kusan mita 30 zuwa cikin kwazazzabo. Idan rana ta haska feshin ruwan, akan ga bakan gizo. 

Shawara ga mai zuwa

Na farko, a yi tambaya game da lafiyar hanya kafin a tashi. Na biyu, a gai da mutanen gari, a nemi ɗan jagora daga cikinsu, gama ɗan gari shi ya san inda santsi yake. Na uku, a sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙi ruwan sha, kada a saki hannun yara. Na huɗu, kada a sauka cikin kwazazzabo da damina. Ana iya yin ruwa a kan dutse can nesa, ambaliya ta iso ƙasa alhali inda kake tsaye rana ake yi. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu tafiyar ta fi sauƙi.

Abin lura ga manomi

Ruwan da ya iya huda dutse, ina ga ƙasar gona? Dutse yakan jure shekaru dubbai, amma gonar da aka sare itatuwanta, aka ƙone ciyawarta, damina biyu ko uku sun isa su buɗe rami a tsakiyarta. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa, ciyawa kuma ita ke rage gudun ruwa. Saboda haka mu yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Mu dasa gamba da itatuwa a bakin rafi. Ƙaramar zaizaya kuwa, mu toshe ta da duwatsu da buhunan yashi tun ba ta girma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Mene ne kwazazzabo, kuma me ke haƙa shi?
2. Daga ina ruwan Matsirga yake fitowa?
3. Me ya sa ba a sauka cikin kwazazzabo da damina?
4. Rubuta hanyoyi 3 na hana zaizayar ƙasa a gona, ka nuna wa malamin ajinku.