Kafin Ku Sayi Buhun Siminti na Farko

'Ya'yana, katin gayyatar da kuka ajiye mini a shago ya iso hannuna, na kuma sa jikana ya sake karanta mini shi da dare, don idon ya fara gajiya. Kun ce za ku ƙaddamar da gidauniya domin gina azuzuwa uku a wani ƙauye da ke kan hanyar Toro. Allah ya yi muku albarka. Yawancinku a gabana kuka tashi a nan Titin Bauchi na Jos, wasunku 'ya'yan direbobin tasha ne, wasu kuma daga Unguwar Rogo kuke gangarowa zuwa jami'a da jaka a kafaɗa. Yaron da ya sami karatu har ya tuna da wanda bai samu ba, an yi dace da shi. Amma ku zauna tukuna, akwai abin da na gani da idona.

Mu ma mun taɓa yi. Shekaru da yawa da suka wuce, mu 'yan kasuwa da wasu 'yan kamasho na Tashar Bauchi muka haɗa kuɗi muka gina aji biyu a wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba. Ranar buɗewa an yi shinkafa, an yanka rago, dagaci ya sa babbar riga, aka yi ta ɗaukar hoto. Bayan damina biyu na bi ta wajen sayen masara, na ce bari in leƙa. Iskar farkon damina ta yaye kwanon aji ɗaya, ta nannaɗe shi kamar tabarma a gindin wata ɗorawa. Ɗaya ajin kuwa awaki na tarar a ciki, an jingina buhunan taki a jikin allo, kuma har lokacin akwai ragowar lissafi da alli a kansa, wanda ba a goge ba tun ranar da malamin ya tafi. Na tambayi wata tsohuwa da ke sussuka, ta ce, "Alhaji, wata huɗu ba a ba shi komai ba. Shi ma yana da iyali." Ba wanda ya ci kuɗinmu, 'ya'yana. Mu ne muka ƙirga bulo da yashi da katako, muka manta da cikin mutumin da zai tsaya gaban yara.

Wannan kuskuren ba a kanmu aka fara ba. A 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta, yara sun fito fiye da yadda aka zata, aka yi ta ɗora azuzuwa cikin gaggawa, sai malamai suka yi ƙaranci, har aka koma horar da su a gurguje. Ku dubi kuma Gindiri a ƙasar Mangu. Mishan ɗin SUM da suka kafa wurin a 1934, da horar da masu koyarwa suka soma, makarantun sakandaren da suka yi suna daga baya suka zo. Ko mene ne addinin mutum, ya ga dabara a nan.

To, ina kuɗin malami zai fito wata bayan wata? Ranar ƙaddamarwa za ku ji alƙawura masu daɗi ta lasifika. Wani zai ce tirela guda ta siminti, a tafa masa, daga nan lambar wayarsa ta daina shiga. Alƙawari kaya ne, amma ba kowa ke sunkuyawa ya ɗauka ba. Kada ku rubuta ko sisi a littafi sai wanda ya shigo hannu. Abin da zan so ku yi koyi da shi yana nan kusa da ku. Ƙungiyar Izala a garin nan Shaikh Isma'ila Idris ya kafa ta a 1978, kuma ko kana tare da su ko ba ka tare da su, ka san yadda 'yan agajinsu ke bi gida gida ranar Babbar Salla suna karɓar fatun layya. Fata ɗaya ba ta sayen komai. Amma ana tarawa daga unguwa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, a sayar, a bayyana abin da aka samu, a zuba shi a makarantu da masallatai da asibitoci, kuma baɗi a sake. Sirrin yana cikin wannan "baɗi a sake". Ku nemi mutum ɗari a titin nan, mai shayi, mai faci, mai sayar da dankali da kabeji, malamin jami'a, kowa ya ɗauki abin da ba zai dame shi ba duk ƙarshen wata. Ya fi muku babban baƙo guda da zai zo da jiniya.

Kuɗin jama'a kuma wuta ne. Ku buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, mutum uku su riƙa sa hannu, kada ya zama a asusun ɗayanku komai amanarsa. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, to balle dukiyar marayu da talakawa. Wanda ya ba da naira ɗari a ba shi rasit kamar wanda ya ba da dubu ɗari. Duk wata ku liƙa lissafi a inda kowa zai gani, ku tura a WhatsApp ɗin naku ma. Idan wani ya ce zakkarsa zai bayar, ku tambayi malamai tukuna, don zakka tana da mutanenta da aka ƙayyade, ba kamar sadaka da waƙafi ba.

Na ga kun riga kun zana ginin a takarda, har da fenti. Shin kun zauna da mutanen garin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila su ce muku matsalarsu ba aji ba ce, rafi ne da ke cika a watan Agusta ya raba yara da makarantar da ke tsallake. Wataƙila rijiya ce, don 'yan mata suna ƙare safiyarsu a wajen ɗiban ruwa. Wataƙila 'ya'yan Fulani ne da ba sa dawowa daga kiwo sai rana ta yi, sai a sauya musu lokacin shiga. Ku gaisa da mai unguwa, da liman, da fasto in akwai coci, don ƙauyukanmu na nan a cakuɗe suke, kuma mu da muka ga Satumbar 2001 a Jos mun san darajar bencin da Musa da Bitrus za su zauna a kai tare. Filin kuma a rubuta takardarsa da shaidu, tun mai kyautar yana raye, kafin magada su zo da wata magana. Mutanen garin su kawo yashi da dutse da ruwa, su yi aikin gayya. Ginin da mutum ya zubar wa gumi, shi zai hau ya danne kwanonsa da dutse in hadari ya taso.

Kada kuma ku ɗauke wa gwamnati nauyinta baki ɗaya. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Ku je wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a yi wa makarantar rajista, ku yi ta sintiri har a turo malami ko da ɗaya ne. Sai dai ku lura, mota tana barin Jos kaɗan kun shiga Jihar Bauchi. In ƙauyen naku yana wajen Tilden Fulani ko Magama Gumau, to ofishin Toro za ku nufa, takardar Filato ba za ta yi muku aiki a can ba.

Saura abu ɗaya da ke damuna, hotunan nan. Na ga wanda kuka sa a katin, yaro da yagaggiyar riga da majina, yana kallon kyamara. Yaron nan yana da uwa. Wata rana zai girma, ya yi karatu a ajin da kuka gina, ya ga fuskarsa tana yawo a waya an rubuta "a taimaka". Ku ɗauki hoton bishiyar da suke zama a ƙarƙashinta, ko duwatsun da suka mayar kujeru. Masu bayarwa za su gane.

Ni dai ba zan sayi bulo ba a wannan karon. Ku sa sunana a layin albashin malami, duk ƙarshen wata ma'ajinku ya biyo ta shago da littafin rasit. Ranar Asabar kuma in Allah ya kai mu, ku same ni a tasha bayan sallar asuba, mu je mu gaida dagacin tare. Ku sako rigunan sanyi, ku kuma sayi goro ƙwarya guda, kada mu shiga gidan mutane hannu rabbana.