Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Ya'yana masu koyon gyaran kwamfuta, na nan Kwaciri da na shagunan Sabon Gari da titin Beirut, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Na lura in an kawo muku kwamfuta, kukan kwashe takardu da hotunan mai ita ku zuba a filash, ku ce an yi ajiya. Madalla, amma da saura. Ranar da rumbun kwamfutar ya mutu, takardun suna nan, sai dai Windows ta tafi, manhajar lissafin shago ta tafi, saitin firinta ma ya bi su. Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya kawo mini tasa a wannan hali, saura kwana uku salla, ga lissafin duk masu bashinsa a ciki. Kwana biyu na yi ina harhaɗa abin da awa guda za ta mayar, da an yi tanadi.

Tanadin shi ne ku ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya tun kwamfutar tana da lafiya, sannan ku mayar da shi fayil ɗin ISO mai iya tayar da ita da kansa. Sunan ya samo asali daga ƙa'idar faifai ta ISO 9660 ta shekarar 1988. A 1995 kuma kamfanonin IBM da Phoenix suka fitar da tsarin El Torito, wanda ya ba kwamfuta damar tashi daga faifai ko da rumbunta ya ƙi. Manhajar Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan kuma kyauta ce, tana ɗaukar hoton, ta haɗa shi da abin tayarwa a fayil guda. Daga nan sai ku buga shi a faifai, ko ku sa a filash da manhajar Rufus.

Ku kula da girma. Faifan DVD giga 4.7 yake ɗauka, Windows ta yau da manhajojinta kuwa sun fi haka, don haka ku tanadi babban filash. In filash ɗin yana kan tsarin FAT32, ba zai karɓi fayil guda da ya kai giga 4 ba. Ku duba ko kwamfutar da BIOS take tashi ko da UEFI. Sabon rumbun kada ya gaza tsohon girma. Kuma mayar da hoto yana shafe duk abin da ke kan rumbun da aka zaɓa, saboda haka ku karanta sunansa sau biyu kafin ku danna.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tayar da kwamfutar da faifan ko filash ɗin a ranar da kuka haɗa shi, mai ita yana tsaye yana gani. Ku rubuta kwanan wata a jikinsa, ku sabunta shi lokaci zuwa lokaci.

Kada kuma ajiyar ta kwana wuri ɗaya da kwamfutar. Duk mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, yadda ta cinye dubban shaguna cikin dare. Allah Ya kiyaye gaba. Kwafi ɗaya a shago, ɗaya a gida, nesa da rana da ƙurar hunturu.

Abu mafi nauyi, hoton rumbun nan ya ƙunshi sirrin mutum kaf: cinikinsa, wasiƙunsa, hotunan iyalinsa. Amana ce aka ɗora muku. Kada ku leƙa, kada ku ba aboki, ku miƙa wa mai shi hannu da hannu.

'Ya'yana, kwamfutar farko da za ta shigo hannunku gobe, ku fara yi mata wannan tanadi kafin ku taɓa komai.